Kwamfutar Surukin Uwaisu

Uwaisu mutumin Zawaciki ne, can aka haife shi tun garin yana gonaki, kafin dillalan filaye su yanyanka shi su sayar wa 'yan birni. Ubansa manomi ne, da damina ya yi gero da dawa, da rani ya gangara bakin kogin Chalawa ya yi lambu. Shi kuwa Uwaisu tun yana ƙarami aka gane fartanya ba za ta ci moriyarsa ba. In an tura shi gona, sai a tarar da shi a gindin mangwaro ya kwance rediyon yayansa yana leƙen cikinta. Aka yi faɗan, aka yi dukan, aka gaji aka sa masa ido. Da ya gama sakandare ya maƙale a wani shagon kwamfuta a Na'ibawa, inda ake buga wa mutane takardu da katin biki. Daga nan ya samu ya yi difloma, ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni, abin da masu sana'ar ke kira kod. Rabin abin da ya iya a aji ya koya, sauran rabin a waya, yana ƙona data.

Dogo ne siriri, ba shi da hayaniya, in yana tafiya kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Kullum da safe zai hau adaidaita sahu zuwa Sharaɗa, ya sauka a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa cikin ayarin ma'aikata, laftof ɗinsa a jaka a bayansa. Wani kamfanin roba yake wa aiki, masu yin bokitai da butoci da kujeru da robar wanka. A takarda aikinsa kula da kwamfutoci. A zahiri kuwa duk abin da ke da waya a jikinsa nasa ne, tun daga firinta da kyamarar bakin get har wayar manaja in ta cika da hotuna. Injiniya ake ce masa, yana kuma amsawa.

Surukinsa ne ya samo masa aikin. Malam Inuwa, mai kula da sito, ya zo Kano daga ƙasar Gumel yana saurayi, ya fara da dako a wata masaƙa a Bompai. Da masaƙar ta rufe ya dawo Sharaɗa, ya yi lodi, ya yi gadi, har aka ga amanarsa aka damƙa masa makullin sito. Bokonsa na yaƙi da jahilci ne, amma ya ishe shi. Da aka kawo kwamfuta shekarun baya ya koye ta da yatsu biyu, ba kuma wanda ya taɓa kuka da shi. Da wannan aikin yake riƙe da gida cike da mutane. 'Yarsa ta fari, Badi'a, ita ce matar Uwaisu.

Su biyun nan fa irin surukan da ne, masu kunya ta gaske. A kamfani ɗaya suke, amma sai a yi mako idonsu bai haɗu ba. In Uwaisu ya hango Malam Inuwa a hanyar masallaci, nan take zai tuna akwai wata waya da bai duba ba a bayan ɗakin janareta. In kuwa sun yi kiciɓis ba yadda za a yi, sai ya cire takalmi ya durƙusa a kan kankare mai zafi ya ce, "Baba, ina wuni," dattijon ya amsa yana kallon bango. Uwaisu bai taɓa cin abinci a rumfar da surukinsa ke ci ba, bai taɓa ambatar sunansa ba, sito kuwa ba ya shigarsa sai ya tabbatar mai wurin ba ya nan. Shi ma Malam Inuwa in zance ya biyo ta kan Uwaisu, sai ya ce "mutumin nan na ofis." 'Yan lodi suna yi musu dariya, manya suna cewa ai tarbiyya ke nan. Shekaru ana haka ba wanda ya cutu, domin kayan aikin sito ba su cika lalacewa ba.

Ana nan aka kawo sabon manaja, Muntari, matashi mai saurin magana wanda ya tsani ya ga mota a tsaye. Kafin zuwansa, in dillali ya zo ɗaukar kaya, Malam Inuwa kan shirya takardar fitar da kaya a kwamfutarsa, ya rubuta sunan kowane abu yadda bakinsa ya saba faɗa, ya buga ya miƙa wa direba. Muntari ya ce wannan zamanin ya wuce. So yake daga kujerarsa ya ga me ya fita, me ya rage. Ya kira Uwaisu ya ce ya gina shafi na cikin gida, wanda ofis da sito za su riƙa buɗewa a burauza, wato manhajar nan da ake shiga intanet da ita.

Uwaisu ya ji daɗin aikin, don ya gaji da zaro takarda daga bakin firinta. Ya zauna ya tattara sunayen kayan kamfanin kaf, ɗaruruwansu, ya yi musu jeri a cikin kod ɗin, kowanne da lambarsa. Sunayen dogaye ne, domin bokiti kaɗai kala-kala ne: mai murfi, marar murfi, babba, matsakaici, ja, shuɗi, mai hannun ƙarfe. Shafin kuma ba ya karɓar suna sai wanda ke cikin jerin daidai wa daida. Uwaisu ya san wanda zai zauna a gaban wannan shafi, ya san yatsu biyun nan. Don haka ya ɓata lokacinsa ya ƙera abin da ya fi alfahari da shi a duk aikin, akwati mai ƙarasa wa mutum suna. Ka buga harafi biyu ko uku, kod ɗin ya tace jerin, sunayen da suka dace su sauko a ƙarƙashin akwatin, ka taɓa wanda kake so, shi ke nan. Don surukinsa ya yi shi, ko da yake ko Badi'a bai faɗa wa ba.

Ranar gwaji aka taru a ofishin manaja. Uwaisu ya buɗe laftof ɗinsa, ya juya fuskarta wajen jama'a, ya yi bayani idonsa a kan kalanda. Malam Inuwa yana can baya kusa da ƙofa. Aka fara buga sunan bokiti, kafin a kai rabi bokitai suka zubo. Aka gwada kujera, kujeru suka zubo. Muntari ya waiwaya ya ce, "Malam, kun gani ko? Ai ko jikanku zai iya." Dattijon ya ce ya gani.

Washegari Uwaisu ya yi sammako don ya riga surukinsa isa sito. Ya sa mai gadi ya buɗe masa da makullin ajiya. Kwamfutar sito tsohuwa ce tukuf, jikinta har ya yi rawaya, an bar ta ne don ita kaɗai ke jituwa da firintar nan mai ƙara da ke buga takardun direbobi. Ya kunna ta, ya jira ta gama nishinta, ya sa adireshin shafin a burauzarta. Shafin ya buɗe tsaf, da tambarin kamfani da akwatinsa. Ya ɗaga yatsa zai buga harafi ya gwada ke nan, sai ya ji ƙarar babur ɗin Malam Inuwa a bakin get. Wallahi ko jakarsa bai tsaya zugewa ba, ya fice ta ƙofar lodi. Yana tafiya yana gaya wa kansa ai shafi ya buɗe, kuma abin da ya yi a laftof zai yi a ko'ina.

Bai yi ba.

Tun makon farko motoci suka fara layi. Kantoci da ƙurƙura suka jeru daga bakin sito har waje, direbobi suka shimfiɗa kwali a inuwar katanga suna barci, dillalan Ƙofar Wambai suna bugo waya suna masifa. Lodin da a da ake gamawa kafin azahar ya koma sai la'asar sakaliya. Muntari ba mai sauka sito ba ne, ta taga yake hango layin, kuma kowace mota ji yake a kan ƙirjinsa take tsaye. Ya aika aka kira masa Uwaisu.

"Injiniya, shafin nan naka ne ke jan ƙafa ko kuwa?"

Uwaisu ya buɗe shafin a kwamfutar manajan, ya buga, sunaye suka sauko. Ya buɗe a laftof ɗinsa, suka sauko. Ya buɗe a waya, nan ma haka. Ya ce, "Yallaɓai, ga shi kuna gani, a wajena yana yi."

Muntari ya sallame shi ya kira Malam Inuwa shi kaɗai. Abin da suka yi a ciki, manajan ne da kansa ya faɗa wa Uwaisu da yamma. "Na tambayi surukinka. Da bakinsa ya ce shafi ba shi da laifi, hannunsa ne bai saba ba, ga ido ya fara ba shi matsala. To ni fa aiki aka kawo ni in yi. In wata ya ƙare layin nan bai ƙare ba, zan sa wani a sito. Na gaya maka ne don kada ka ji a bakin wasu."

Hankalin Uwaisu ya tashi ƙwarai. Ya san yawan bakin da ke ci daga wannan makullin, ya kuma san mutum mai shekarun Malam Inuwa in ya fita daga kamfani ba wani kamfanin da zai ɗauke shi. Ya duƙufa neman abin da ke jawo jinkirin. Da farko ya zargi wayar da ke haɗa sito da ofis, ya bi ta a jikin katanga yana shafawa har bakin ƙofar sito, a nan ya ja birki ya juyo. Ya zargi kibod, allon haruffan da ake dannawa, ya ɗauko sabo ya ba wani direba ya miƙa. Ya tuna maganar ido, ya ƙara wa haruffan shafin girma har suka zama kamar na allon talla. Ya karanta kod ɗin layi-layi, ya tsinci ƙananan abubuwa ya gyara, ya sake duba jerin sunayen ko akwai wanda ya maimaitu. Duk gyaran da ya yi sai ya gwada a burauzar laftof ɗinsa, wadda kullum take sabunta kanta ba tare da ta tambayi kowa ba, ta kuma nuna masa komai lafiya. Layin motoci ko gezau.

Abin haushin shi ne, ba jahilci ne ya hana shi ba. Duk wanda ya taɓa gina shafi ya san burauza ba ɗaya ba ce, abin da wannan ta gane wata ba ta san shi ba, tsohuwa kuma sai an bi ta a hankali. Uwaisu ya san wannan tun yana ɗan koyo. Amma duk lokacin da tunanin ya taso masa, sai ya ga inda zai kai shi, wato gaban wannan kwamfuta, a kan wannan kujera, mai kujerar yana tsaye yana jira. Sai ya kawar da tunanin ya koma zargin waya.

Ya gwada bi ta gida. Wata safiya suna karyawa ya ce, "Badi'a, in kin je gida ki tambayar mini Baba. In ya buga harafi a akwatin nan na shafi, sunaye suna saukowa kuwa?"

Ta ajiye kofi ta dube shi. "Abban Nafisa, ka manta ni 'yar fari ce? Yaushe rabon da ni da Baba mu yi maganar da ta wuce gaisuwa?"

"To ki faɗa wa Inna ta tambaye shi."

Ta faɗa wa mahaifiyarta, ita kuma tsohuwa ba ruwanta da akwati ko harafi, ta tambayi maigidanta wai aikin da mijin yarinyar nan ya yi musu a kamfani ya yi kyau? Amsa ta biyo hanyar da tambaya ta bi. Badi'a ta dawo da murnarta ta ce, "Baba ya ce a gaya maka aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka."

Sau ɗaya ya yi ta maza ya nufi siton da rana tsaka. Daga bakin ƙofa ya hango bayan dattijon, ya sunkuya har tabaransa na neman taɓa gilashin kwamfutar, yana duba takardar farashi yana danna kibod, 'yan lodi sun zazzauna a kan buhunan kaya suna hamma. Malam Inuwa ya ji motsi ya yi gyaran murya. Uwaisu ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, ko akwai abin da kwamfutar ke buƙata?"

"Babu komai. Lafiyarta ƙalau."

Daga inda yake durƙushe ba abin da yake gani sai ƙafar tebur. In yana so ya ga fuskar kwamfutar, dole sai ya miƙe tsaye, ya je ya tsaya a kan surukinsa, ya leƙa ta saman hularsa, a gaban 'yan lodin da tuni suka daina hamma suka zubo ido. Ya ce, "To Baba, a huta lafiya," ya ɗauki takalminsa ya fita.

Saura 'yan kwanaki wata ya ƙare sai aka aiko wa Malam Inuwa wani amininsa na ƙuruciya ya rasu a ƙauye. Ya nemi izini, ya kulle sito bayan azahar, ya kama hanyar Gumel. Aka dakatar da lodi na ranar. Ƙurar babur ɗinsa ba ta gama kwantawa ba Uwaisu ya je wajen mai gadi.

Kujerar tana nan, ta katako, da matashinta da ya lotsa. Ya sa hannu biyu ya matsar da ita gefe, ya jawo bokiti ya kife ya zauna a kai. Sabon kibod ɗin da ya aiko yana nan an jona shi. Ya kunna kwamfutar, shafin ya buɗe da manyan haruffansa. Ya fara buga sunan bokiti. Shiru. Ya goge ya sake. Akwatin yana nan ƙiƙam, ba abin da ya sauko. Ya gwada kujera, ya gwada buta, babu. Sai a lokacin ya gane abin da ake yi a ɗakin nan tun ranar farko. Dattijon yana kwafo dogayen sunayen nan ne daga takardar farashi, harafi bayan harafi, da yatsu biyu, in ya kuskure ɗaya shafin ya ƙi karɓa ya sake daga farko, kaya bayan kaya, mota bayan mota. Uwaisu ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ba kuma irin ta surukuta ba ce.

Ya buɗe 'yar tagar da burauza ke nuna kurakurai. Layi ɗaya ne ja. Burauzar tana cewa ta iso wani umarni a kod ɗin, ba ta san shi ba. Ya duba, ashe umarnin nan ne da ke tambayar kowane suna a jerin ko yana ɗauke da haruffan da aka buga. Sabon umarni ne, an ƙirƙiro shi bayan an daina kula da wannan burauzar. Sababbi sun san shi kamar ruwan sha. Ita kuwa in ta iso shi sai ta tsaya cak, ba ta tace jerin ba, ba ta kuma nuna wa mai aiki komai a fuskar shafin ba.

Ya cire shi ya rubuta irin na da, mai tsawo, wanda ke bin jerin suna-suna yana dubawa. Ya sake buɗe shafin, wani jan layin ya fito. Wannan karon wata gajeriyar hanyar rubutu ce ta 'yan zamani ba ta gane ba, ya warware mata ita dalla-dalla. Ya buga harafi, sunaye suka sauko, amma kwamfutar ta ɗauki nishi ta sandare, don yana sa ta zana duk sunayen da suka dace a lokaci guda. Ya taƙaita mata zuwa 'yan kaɗan na sama. Sannan ya taɓa suna ya ƙi shiga akwati, domin tsohuwar tana da tata hanyar ta gane an taɓa abu, ya rubuta mata wannan ma. Ya koma laftof ya tabbatar bai ɓata wa sababbin nasu ba. Ya dawo ya gwada bokiti, ya gwada kujera, ya buga takarda ta gwaji, firinta ta yi ƙararta ta fito da ita. Da ya ɗaga kai ko kiran la'asar ba a yi ba. Aikin da ya hana dattijo sakat kusan wata guda bai kai tsakanin salla biyu ba.

Ya mayar da bokitin inda ya ɗauko, ya mayar da kujerar daidai inda ƙafafunta suka yi shaida a ƙasa. Manaja ba ya nan, ya tafi taro Chalawa. Uwaisu ya ciro waya zai kira shi, sai ya fasa. Wata dabara ce ta zo masa, ta kuma yi masa daɗi. In Baba ya dawo zai tarar abu yana aiki, layi zai ƙare, manaja zai sauko, ba sai wani ya ce wa wani komai ba. Ba wanda zai ji kunya. Ya koma gida ransa fari, har ya tsaya a hanya ya sayo wa Badi'a tsire.

Abin da bai sani ba, Muntari ba zai bar sito a kulle ana jiran mai ta'aziyya ba. Da safe ya kira Saudat, wata ma'aikaciyar ofis mai shigar da takardu, ya ce ta je ta riƙe wurin kafin Malam ya dawo. Ta zauna, ta buga harafi biyu, sunaye suka sauko, ta taɓa. Kafin rana ta take 'yan lodi sun jiƙe da gumi suna neman a bar su su sha ruwa, layin motoci kuwa babu shi.

Muntari yana tsaye a taga ya sa aka kira Uwaisu. "Injiniya, zo ka ga abin mamaki. Kwamfuta ita ce, shafi shi ne, hannu kawai aka canza."

Uwaisu ya matso kusa da shi. Ya ce, "Yallaɓai, ba hannu ba ne. Shafin ne ba ya aiki a waccan kwamfutar tun ranar farko. Burauzarta tsohuwa ce, akwai umarnin da ba ta sani ba, sunayen ba sa saukowa ko kaɗan. Jiya da rana na shiga na gyara. Da Baba ne ya zauna yau, haka zai yi masa."

Muntari ya saurare shi har ƙarshe yana murmushi, sannan ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya yi maka albarka. Ni ma da surukina ne, haka zan ce."

"Wallahi gaskiya nake faɗa muku. Ku bari in mayar da tsohon kod ɗin ku gani da idonku."

"Kai ne fa ka buɗe mini shi a nan ka ce yana yi. Shi kuma ya ce mini hannunsa ne da idonsa. Yanzu kuma ka zo da wata. Wanda ya gina abu ai ya san yadda zai lalata shi in yana so. Don Allah abin da ke aiki kada ka taɓa mini shi."

Uwaisu bai haƙura ba. Ya kai mai gadi ya shaida cewa ya buɗe masa sito jiya, manaja ya ce ai bai musa ya shiga ba. Ya samu shugaban 'yan lodi, ya samu limamin masallacin kamfani, ya samu tsofaffin ma'aikatan da ake jin maganarsu, ya yi musu bayanin burauza da umarni har bakinsa ya bushe. Duk wanda ya faɗa wa sai ya jinjina kai ya yaba masa. Suka ce samun suruki irin wannan a zamanin nan sai an tona, mutum ya ɗora wa kansa laifi don ya rufa wa uban matarsa asiri. A rayuwarsa ba a taɓa yabonsa kamar makon nan ba, kuma kowane yabo baƙin ciki yake ƙara masa.

Da Malam Inuwa ya dawo, manaja ya kira shi ofis. A yi wa Muntari adalci, ya tambaya. Ya ce, "Malam, surukinku ya ce wai shafinsa ne ba ya aiki a kwamfutarku. Haka ne?" Dattijon ya ce, "Kara ce ya yi mini, Yallaɓai. Mutumin kirki ne." Aka yi masa godiya a kan shekarun da ya yi, aka ce lokaci ya yi da zai huta. Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, ya hau babur ɗinsa. Uwaisu yana bayan ɗakin janareta har ƙarar ta ɓace.

Ranar Asabar bayan la'asar ya shirya ya tafi gidan surukan nasa a cikin garin Sharaɗa. Tun a adaidaita sahu yake tsara abin da zai faɗa, ya gyara, ya sake gyarawa. Ya tarar da Malam Inuwa a ƙofar gida a kan tabarma shi kaɗai, a lokacin da a da yake bakin aiki a sito. Uwaisu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gefen tabarmar, ya gaishe shi, ya yi masa ta'aziyyar amininsa. Dattijon ya amsa yana kallon titi. 

"Baba, game da kwamfutar nan…"

Malam Inuwa bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce, "Na ji an ce yanzu sunayen suna saukowa."

"Suna saukowa, Baba."

"To madalla. Dama na san za ku gano shi." Ya gyara zaman hularsa. "Ku shiga ku gaisa da mutanen gida."

Uwaisu ya ce to. Ya daɗe a durƙushe bai tashi ba, dattijon kuma bai juyo ba.